MU SAN ƘASARMU: Jami'ar Yamai, ta wa ce?

A wani ƙauye tsakanin Gaya da Bengu, ana cikin maimai, labari ya iso wa wani manomi cewa ɗansa ya ci bak. Bak ita ce babbar jarrabawar da ake yi a ƙarshen lise. Wanda ya ci ta, ƙofar jami'a ta buɗe masa. Mata suka yi guɗa, maƙwabta suka zo barka. Amma da dare ya yi, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sai wan manomin ya ce:

"Kai, ka yi tunani da kyau. Shekara 13 yaron nan yana lakwal. Yanzu kuma an ce sai Yamai, wasu shekaru uku ko biyar. Wa zai riƙe maka garma? Wa zai shiga fadamar rake? Kuma makarantar nan ta ɗiyan manya ce, ba ta ɗiyan talakawa ba."

Manomin ya ce: "Yaya, na ji maganarka. Amma ni har yanzu ban san ko mece ce jami'ar ba. Bari in yi tambaya tukuna. Matambayi ba ya ɓata."

Manomin nan yana zuwa karatun yaƙi da jahilci. Da hannunsa ya rubuto tambayarsa. Iyaye da yawa a Tanda, da Tunuga, da Bana, da Yelu suna da irin wannan tambaya a zuci. Ga amsa.

MECE CE JAMI'A?

Kowa ya san makarantar allo. Yaro yana fara babbaƙu, ya yi farfaru, har ya sauke. In ya sauke kuma yana son ƙari, sai ya shiga makarantar ilimi. Ya ɗauki fikihu wajen wannan malami, ya ɗauki nahawu wajen wancan. Wani sai ya bar garinsu ya tafi Sakkwato ko Zariya, don can malamin da yake nema yake.

Haka karatun lakwal yake. Firamare shekara 6 ce. Kolaj shekara 4, a ƙarshenta a yi jarrabawar birebe. Lise shekara 3, a ƙarshenta a yi bak. Jami'a ita ce makarantar ilimi ta wannan karatu. Bambancin shi ne an tara manyan malamai wuri guda. Mai son likitanci ga malamansa. Mai son ilimin noma da kiwo ga nasa. Mai son shari'a ga nasa.

Aikin jami'a biyu ne. Na farko koyarwa. Na biyu bincike, wato neman abin da ba a riga aka sani ba. Me ke kashe gero a wannan gona? Me ya sa ruwan rijiyar can ya yi gishiri? Irin tambayoyin da ake bincike a kansu ke nan.

LABARIN WANI GARI A ƘASAR HOLAN

Kafin a zo kan ta Yamai, yana da kyau a ji yadda wata tsohuwar jami'a ta samu a ƙasar Turai, don labarinta ya shafi maganar da wan manomin ya yi.

Holan ƙaramar ƙasa ce a bakin teku. Wani yanki nata ya fi teku ƙasa, sai da aka yi manyan ganuwoyi na tare ruwa sannan aka iya noma da kiwo. A cikinta akwai wani gari sunansa Laidan. A shekarar 1574 sojojin sarkin Sipaniya suka kewaye garin wata da watanni. Ba shiga, ba fita. Abinci ya ƙare. Yunwa da annoba suka kashe dubban mutane, amma mutanen garin suka ƙi buɗe ƙofa.

Jagoran ƴan Holan a lokacin, Wilyam na Oranj, ya sa aka fasa ganuwoyin ruwa. Ruwa ya malale gonaki. Jiragen ruwa suka bi ta kan gonakin suka nufo garin. Ran 3 ga Oktoba 1574 aka wayi gari maharan sun gudu. Jiragen suka shigo da burodi da kifi. Har yau, kowace shekara a wannan rana, ana raba burodi da kifi a garin don tunawa.

Bayan wata huɗu, ran 8 ga Fabrairu 1575, aka buɗe jami'ar Laidan. Ita ce ta fari a ƙasar Holan. Mutanen garin suna da wani labari da suke ba ɗiyansu, irin na kunne ya girmi kaka. Wai an ce da kakanninsu su zaɓi ladan jimirinsu: ko a yafe musu lanho na wasu shekaru, ko a gina musu jami'a. Wai sai suka zaɓi jami'a. Masana tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin hikaya. Amma hikayar ta nuna darajar da suke ba makarantar tasu.

Da ilimin addini, da shari'a, da likitanci aka fara. A 1590 aka yi mata lambu inda ake shuka itatuwa da tsirrai iri iri don ɗalibai su san amfaninsu. Lambun yana nan har yanzu. A 2025 jami'ar ta cika shekara 450. Tana da manyan sassa bakwai, kuma ta gwamnati ce. Da an yafe lanho, da tuni an ci kuɗin an manta. Makarantar kuwa jikokin jikoki suna cin moriyarta.

YADDA AKA KAFA TA YAMAI

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Yaron da ya ci bak sai a tura shi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Masu tafiyar kaɗan ne ƙwarai. Likitoci da malaman lise da yawa baƙi ne.

A watan Satumba na 1971, zamanin shugaba Diori Hamani, aka kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai. Da fannin kimiyya da lissafi aka fara. A watan Satumba na 1973 doka ta mai da ita cikakkiyar jami'a. Shugabanta na farko shi ne Bubakar Ba, gwanin lissafi. Ya riƙe ta har 1979.

An gina ta a hayin kogi, a unguwar da Zabarmawa ke kira Haro Banda, wato bayan ruwa. Mai zuwa daga cikin gari sai ya ƙetare gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970. Kogin da ke bi ta ƙarƙashin wannan gada shi ne mai gangarowa har Gaya. Daga Gaya zuwa can tafiyar kusan kilomita 300 ce, ta Doso.

Sannu a hankali aka yi ta ƙara sassa. Aka buɗe na likitanci, da na noma, da na harsuna da tarihi, da na horon malamai, daga baya na shari'a da tattalin arziki. Da haka ƙasa ta fara yaye likitocinta da malamanta a gida.

WANE NE ABDU MUMUNI?

A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni. Ya kamata kowane ɗan yaƙi da jahilci ya san mutumin nan.

An haifi Abdu Mumuni Jofo a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a makarantar Wilyam Ponti ta ƙasar Senegal, sannan ya wuce Faransa. Ya zama gwani a ilimin kimiyya. Ya koyar a Dakar, da Konakiri, da Yamai. Abin da ya fi ba ƙarfi shi ne rana. Ya ga Nijar tana da ƙarancin itace, amma rana ba ta yanke mata. Sai ya duƙufa neman hanyar da za a sa rana aiki. Daga 1964 ya yi wannan bincike a Bamako. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana, wadda ake kira ONERSOL. A can aka ƙera tukwanen dafa abinci da na'urorin ɗuma ruwa masu aiki da zafin rana. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'a. Ya rasu ran 7 ga Afrilu 1991.

Yau ana ganin faifan sola a kan rufin shaguna, ana cajin salula da shi, ana jawo ruwan lambu da shi. Tun ba a san za a kai nan ba, mutumin nan yake faɗin amfanin rana.

Akwai wani abu kuma. A 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa makarantar da Turawan mulki suka bari ta ware yara daga iyayensu da aikin ƙasarsu. Ya nemi a koyar da mutane cikin harsunansu. Ya nemi a koya wa manya karatu, kada a tsaya ga yara kaɗai. Ashe ke nan mai koyon baƙaƙen Hausa da dare, bayan ya taso daga gona, yana kan hanyar da mai sunan jami'ar ya nuna.

YADDA AKA TSARA TA

Tsarin jami'a ya yi kama da na ƙasar sarki mai hakimai da masu gari.

A sama akwai shugaban jami'a, ana ce masa rektar. Yana da mataimaka, da majalisar da ake shawara a cikinta. A ƙarƙashinsa akwai manyan sassa. Kowane babban sashe ana ce masa fakulte, kuma yana da shugabansa, ana ce masa duwayan. Kowace fakulte ta kasu ƙananan sassa. Ga waɗanda suka fi shafar mutanen karkara:

Sashen noma. Nan ake koyon sha'anin ƙasa da taki, da iri, da ƙwari masu ɓarna, da kiwo, da daji, da ban ruwa.

Sashen lafiya. Nan ake horon likitoci da masu haɗa magani. Karatunsu ya fi na kowa tsawo, shekara bakwai ko fiye. Suna koyon aiki a manyan asibitocin Yamai, har da na Lamorde da ke kusa da jami'ar.

Sashen kimiyya. Nan ake lissafi, da ilimin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Masu nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse da yawa daga nan suka fito.

Sashen harsuna da zaman jama'a. Nan ake tarihi, da labarin ƙasa, da nazarin harsuna, har da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci.

Sashen shari'a da na tattalin arziki. Daga nan alƙalai da lauyoyi da ma'aikatan kuɗi ke fara karatunsu.

Babbar makarantar horon malamai. Ita ke shirya malaman kolaj da na lise, da masu duba makarantu.

Ban da waɗannan akwai cibiyoyin bincike. Ɗaya daga cikinsu, IRSH, tana ajiye da dubban tsofaffin littattafai na Larabci da ajami, rubutun hannun malaman ƙasar nan.

Karatun hawa uku ne. Shekara 3 a samu lisans. A ƙara 2 a samu masta. A ƙara 3 ko fiye a samu doktora. Ba dole ne kowa ya kai hawa na uku ba. Da yawa suna tsayawa a na farko su nemi aiki.

Yanzu ba Yamai kaɗai ke da jami'ar gwamnati ba. A 2010 aka kafa ta Maraɗi, da ta Tawa, da ta Damagaram. A 2014 aka ƙara ta Agadas, da ta Difa, da ta Tilaberi, da ta Doso. Ta Doso ta fi ba da ƙarfi ga ilimin kwamfuta da sadarwa. Akwai kuma jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta gina, aka buɗe ta a 1986. Amma ta Yamai ita ce uwa. Malaman sauran da yawa ɗalibanta ne.

WA KE BIYA?

Nan ne amsar maganar wan manomin take. Jami'ar Yamai ta gwamnati ce. Albashin malamai, da gini, da wuta, da ruwa, da kuɗin tallafin ɗalibai da ake kira bursi, akasarinsu daga baitulmalin ƙasa suke fitowa. Ɗalibi yana biyan kuɗin rajista, amma wannan bai kai ko kusa da abin da ake kashewa a kansa ba.

To, ina baitulmali ke samun kuɗi? Daga jama'a. Mai sayen sukari da shayi ya biya. Mai sayen batir da atamfa ya biya. Mai fitar da shanu da albasa zuwa waje ya biya. Shekara da shekaru duwan ɗin Gaya yana cikin manyan wuraren da suka tara wa ƙasa kuɗi, saboda kayan da suka riƙa shigowa daga Kwatano ta gadar Malanbil. Mai noman rake a Dallol Mauri, da mai dafa gishiri a Foga, da mai kiwo a bakin kogi, duk guminsu yana cikin tubalin makarantar nan.

Saboda haka ba a tambayar ɗan wane ne a ƙofarta. Takardar bak ake tambaya. Ɗan minista da ɗan mai kalme benci ɗaya suke zama. Manomin da ya hana ɗansa shiga don yana ganin ta manya ce, ya yi noma ya bar wa wasu girbi.

Amfaninta kuma yana dawowa ƙauye, ko ga wanda bai taɓa ganin Yamai ba. Likitan da ke duba mai haihuwa a asibitin Gaya, jami'a ce ta horar da shi. Haka malamin lise. A Tara da Bengu akwai gonakin gwaji na INRAN, ma'aikatar binciken noma da aka kafa a 1975. Masu gwada iri a can sun bi ta jami'a kafin su kama aiki. Manomin da ya shuka gero mai saurin nuna, irin su HKP, ya ci moriyar bincike ko bai sani ba.

WAHALAR DA KE CIKI

Gaskiya ɗaya ce, kuma gara a faɗe ta tun yaro bai hau mota ba. Zaman jami'a ba hutu ba ne.

Ɗalibai sun fi ƙarfin wurin. Ɗakunan kwana ba su isa kowa. Wani sai ya raɓa wajen dangi, wani su haɗa kuɗi su kama ɗaki. A wasu azuzuwa sai an yi sammako kafin a samu wurin zama. Ba kowane ɗalibi ke samun bursi ba, kuma ya sha yin jinkiri. Yajin aikin malamai ko na ɗalibai yakan ja shekarar karatu ta wuce lokacinta. Wanda aka ce zai gama cikin shekara 3, yana iya kaiwa 4 ko 5.

Tarihin jami'ar yana da ranar baƙin ciki. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito jerin gwano, aka yi harbi a gadar Kenedi, uku suka rasu. Wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai ƙasa ga babban taron ƙasa na 1991. Har yau ɗalibai suna tunawa da ita kowace shekara.

Wahala ta ƙarshe ita ce aiki. A shekarun farko, wanda ya gama jami'a aikin gwamnati na jiransa. Yanzu ba haka ba ne. Masu takarda sun yi yawa, guraben aiki kaɗan ne. Uban da ya tura ɗansa don ya dawo da mota cikin shekara uku, ransa zai ɓaci. Amma ɗan Gaya yana da abin da wasu ba su da shi. Yankin nan ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Ga kogi, ga fadama, ga giginya, ga kasuwannin Kamba da Malanbil a maƙwabtaka. Yaron da ya karanta noma ko kiwo, in bai raina kalme ba, ba zai rasa abin yi a gida ba.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE

Na farko, takardar haihuwa. Yaro marar ita yana shan wahala wajen kowace jarrabawa. A yi ta tun yana jariri. Wanda bai samu ba, a je wajen magajin gari a tambayi hanyar samunta.

Na biyu, a adana takardun lakwal cikin leda, a sa a akwati, nesa da gara da ɗigar ruwa.

Na uku, a zauna da yaro da malaminsa na lise kafin ya zaɓi sashe. A tambaya: wannan karatu shekara nawa ne, kuma wane aiki ake yi da shi?

Na huɗu, a shirya guzuri tun da kaka. Buhun gero, ko garin rogo, ko ɗan akuya da aka ware domin wannan, sun fi a tashi sayar da sa cikin gaggawa a kan kuɗin da bai kai ba.

Na biyar, ɗiya mace ma tana da rabo. Mata da yawa ba su son gaya wa likita namiji ciwonsu. Likita mace ba ta samuwa sai wani uba ya bar ɗiyarsa ta yi karatu.

Na shida, in ɗalibi ya zo hutu, kada a mai da shi baƙo. A ba shi kalme. A kai shi gonar da ta ƙi, a tambaye shi dalili. In bai sani ba, ya tafi da tambayar wajen malamansa. Jami'a tana bin jama'a bashin ɗiyansu, jama'a kuma suna bin ta bashin amsa.

Manomin nan na tsakanin Gaya da Bengu ya sake zama da wansa. Suka yi lissafi. Ƙanen yaron zai riƙe garma. Raken bana za a ware kuɗin kunya goma domin guzuri. Wan ya yi shiru, can ya kira yaron ya ce: "Ka tafi, Allah ya ba da sa'a. Amma giginyar gidan nan kada ta yi inuwar nesa. In ka dawo, fadamar da ta fara yin kanwa tana jiranka." Yaron ya durƙusa ya ce: "To, Baba. In Allah ya yarda."

A wata mai zuwa wannan fili zai yi bayani a kan gonakin gwaji na Tara da Bengu, da yadda manomi zai samu iri mai kyau kafin ruwa ya sauka. Mai tambaya ya rubuta ya ba malamin cibiyarsu, za ta iso.